Wace Makarantar Likita Za Mu Kai Ɗiyanmu?

Jawabin kwamitin karatu a babban taron ƙungiya na damina, wanda mushen lakwal ya karanta a ƙofar gidan mai gari. An buga shi don ƴan uwa da ke nesa.



Ranka ya daɗe mai gari, Allah gafarta malam liman, iyayenmu maza da mata, shugaban ƙungiya, ƴan uwa da suka taso daga Yamai, da Kano, da Legas, da Kwatano, da Agadas, muna gaishe ku, muna yi muku barka da zuwa. Waɗanda ba su samu zuwa ba, takarda za ta iske su.

Mu yara ne a gabanku. Da yawa cikin waɗanda ke zaune a nan sun ci goron sunanmu. Amma kun ɗora wa kwamitin karatu aiki, kun ce mu je mu binciko mu kawo muku bayani, shi ya sa muka miƙe tsaye. In mun yi daidai ku sa albarka, in mun kauce ku maido mu hanya.

Ga maganar. Bana ɗiyan garin nan biyu, namiji da mace, sun ci bak na fannin kimiyya, kuma dukansu karatun likita suke so. Tun da aka buɗe lakwal a garin nan ba a taɓa samun haka ba. A zaman da ya wuce an shirya cewa asusun ƙungiya zai tallafa musu. Inda baki ya rabu shi ne makarantar da za su shiga. Waɗansu ƴan uwa, da kyakkyawar niyya, sun ce a haɗa kuɗi a kai su makarantar kuɗi, ko a fid da su ƙasar waje, don a can kayan aiki suke. Waɗansu sun ce a bar su a jami'ar gwamnati ta nan gida. Mun yi wata guda muna tambaya. Shawarar da muka kawo muku ita ce a aje musu dosiye a makarantun likita na gwamnati: Maraɗi da farko, sannan Damagaram, sannan Yamai. Ku ba mu kunne ku ji dalili.

Kafin mutum ya sayi sa, sai ya san gonar da zai huɗa. Wane irin likita garin nan ke bukata? Kowa ya tuna abin da ya faru bara, tsakiyar damina. Wata ƙanwarmu ta kwana biyu tana naƙuda. Aka ɗora ta bisa amalanke cikin dare zuwa CSI. Majo ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ce wannan sai fiɗa, ya rubuta takarda zuwa asibitin gunduma. Aka nemo mota, aka isa, aka tarar wanda ya iya fiɗar ba ya nan, kuma babu na biyu. Aka wuce Maraɗi. Allah ya tsirar da uwar, ɗan bai zo da rai ba. Ba mu zo zargin kowa ba, mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu. Mun tuna muku ne don mu gane wurin da ɗakinmu ke yoyo.

Aikin likita a ƙasarmu kamar tsani yake. Matakin ƙasa shi ne ɗan gidan likita na ƙauye, wanda ake ce wa kaz. Bisa gare shi sai CSI, inda majo da anfirme da mai karɓar haihuwa suke. Sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jaha, sai manyan asibitocin ƙasa irin na Yamai da na Damagaram. Idan muka ce lokotoro, muna nufin wanda ya yi shekara bakwai zuwa takwas yana karatu bayan bak. Irinsu sun fi yawa a ƙololuwar tsanin, mu kuwa a gindinsa muke zaune. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 a Nijar, fiye da 80 cikin 100 a karkara, jahar Maraɗi kaɗai ta wuce miliyan 3. An saba cewa ya kamata kowane mutum 10.000 su samu lokotoro ɗaya. A lissafin 2020, lokotoro ɗaya a Nijar yana ɗauke da fiye da mutum 20.000, kuma wannan in an raba daidai ke nan. Ba a raba daidai ba. Binciken lafiya na 2012 ya nuna cewa cikin haihuwa 100.000, mata 535 ke rasa ransu. Yawancinsu matan ƙauye ne irin ƙanwar nan tamu.

Yanzu mu duba baya kaɗan, mu ga abin da ya taɓa yi mana magani. Iyayenmu sun san kurkunu. Sun san yadda yake kwantar da namiji ƙaƙƙarfa lokacin noma, gona ta cika da haki yana kallo. Yau yaran ajinmu ba su san kamarsa ba, sai mun zana musu a allo. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da shi. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa aka kashe shi, da rijiyoyi, da mutanen da suka bi gari gari suna bayani, suna ƙidayar masu ciwo.

Haka sanƙarau. A 1995, muna ƙanana, ya kama mutum fiye da 40.000 a ƙasar nan, akwai gidajen da ke zaune a nan da suka binne biyu ko uku. Allurar rigakafin da aka fara a 2010 ita ta karya lagon irin da ya fi yi mana ɓarna. Mu da aka haifa wajen 1990, binciken 1992 ya ce cikin yara 1.000, 318 ba su kai shekara biyar ba. Kusan ɗaya cikin uku na sa'o'inmu ke nan. A 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Me ya sauko da shi? Gidajen likita na ƙauye da aka shiga ginawa tun 2001, da maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar tun 2006, da gidan sauro, da allurar dusa, da kula da tamowa. Tun 2013 kuma aka fara ba yara maganin rigakafin masassara wata wata lokacin damina. Duk aikin gindin tsani ne.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a nan. Tun shekarun 1960 jahar Maraɗi ta fara horar da ungozomomi da ƴan agajin ƙauye masu akwatin magani, tsofaffinmu sun tuna da su. Sai a 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma Ata suka amince cewa lafiyar jama'a daga tushe take farawa, kusa da gida. Ashe mun riga su sani. Abin da ya rage mana shi ne lokotoron da zai tsaya bisa wannan aiki: ya duba mara lafiya da safe, ya horar da anfirme da rana, ya lura in ciwo ya fara yawa a wani gari, in dare ya yi aka kawo mai naƙuda ya iya fid da ɗa.

To, a ina ake samun irin wannan? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu malaman lakwal mun ga wannan da idonmu. Wanda ya yi koyon koyarwa a ajin zana, da yara tamanin bisa tabarma, in an tura shi daji ba ya firgita. Wanda bai taɓa ganin haka ba, wata uku ya fara neman a canza masa wuri. Likita ma haka ne. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara abin da ƙasashe suka gwada don likitoci su zauna karkara, ta sake sabunta shi a 2021. Cikin shawarwarinta akwai guda huɗu da suka shafe mu: a ɗauki ɗiyan ƙauye a makarantun likita, a kafa makarantun a wajen babban birni, a tura ɗalibai koyon aiki a karkara tun suna karatu, a kuma koya musu cututtukan da ke damun mutanen karkara. Na farkon Allah ya riga ya ba mu. Sauran ukun su ne ma'aunin da za mu auna makaranta da shi.

Waɗansu sun gwada sun ga amfani. A Sudan, jami'ar Jazira da ke Wad Madani, yankin da Hausawa jikokin mahajjata suke da yawa, ta fara ɗaukar ɗaliban likita a 1978, ta yi suna wajen tura su ƙauyuka su zauna da mutane, su binciki abin da ke damunsu. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya taɓa ta ƙwarai, ba muna cewa a kai kowa can ba, misali muka kawo. A Mali, maƙwabtanmu, tun 1989 samarin lokotoro suka fara zama ƙauyuka, suna aiki tare da ƙungiyoyin lafiya na mutanen gari, har ake kiransu likitocin karkara. Abin da ya yiwu a Mali ba zai gagara a nan ba.

Mu dawo gida. Jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, ta buɗe sashen likita a 1974. Shekara da shekaru ita kaɗai ce, duk ɗan Nijar mai son wannan karatu sai ya tafi Yamai ko ya ƙetare iyaka. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ta Maraɗi, mai sunan Dan Dicko Dankoulodo, da ta Damagaram, mai sunan André Salifou, kowace tana da sashen likita. Gaskiya ɗaya ce, ba wadda aka rubuta a ƙofarta cewa ta likitocin ƙauye ce. Amma ku duba wanda ke kwance a gadajen asibitocin da ɗalibin Maraɗi ke koyon aiki. Mutanenmu ne: yaro mai tamowa da aka kawo daga Dakoro, mace mai jijjiga daga Mayahi, manomin da maciji ya sara a gona wajen Madarunfa. Wanda ya shekara bakwai yana ganin waɗannan, ranar da aka tura shi gunduma ba sabon abu zai gani ba.

Akwai kuma maganar harshe. Tsohuwa ta zo ta ce zahi ke damunta, ko ta ce sanyi ya kama ta, ko uwa ta ce ɗanta na da shawara. Wani ya ce iska ce. Likitan da ya tashi cikinmu, ya kuma yi karatu cikinmu, ya san tambayar da zai yi har ya gano ciwon da ke ƙarƙashin kalmar. Ya san an riga an je wurin wanzami an cire beli kafin a zo gare shi, ya san yadda zai yi magana da wanzamin ba tare da cin fuska ba. Wannan ba a karanta shi a littafi. Faransanci zai yi karatu da shi, kamar yadda muka yi, amma da Hausa zai yi aiki.

Don haka, duk makarantar da aka ambata muku, ta gida ko ta waje, ku yi mata tambaya huɗu. Na ɗaya, gwamnatin Nijar ta yarda da takardarta, kuma hukumar CAMES ta ƙasashen Afirka masu Faransanci ta san da ita? Takardar da ba a yarda da ita ba, ko an shekara goma, ba ta ba mutum izinin taɓa mara lafiya. Na biyu, a wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki, kuma ana barinsu su sa hannu ko kallo kawai suke yi? Na uku, wata nawa ake tura su CSI da asibitin gunduma kafin su gama? Na huɗu, nawa ne kuɗin, daga shekarar farko har ta ƙarshe?

Mu tsaya kan ta huɗun, don a nan asusunmu ya shigo. Karatun likita doguwar tafiya ce. Ma'aji ya yi lissafi, ya ga abin da za mu biya wa yaro ɗaya a makarantar kuɗi shekara guda zai riƙe su biyun shekaru masu yawa a ta gwamnati, inda kuɗin rajista kaɗan ne, kuma ana iya neman bursi a hukumar ANAB. Kuɗinmu kuwa na ƴan biɗa ne. Bana kasuwa ta yi kyau a Legas, baɗi naira ta faɗi ko an rufe iyaka, kamar yadda muka gani a 2019 da 2023. In muka fara abin da ya fi ƙarfinmu, muka tsaya a shekara ta uku, yaro ya dawo ba takarda, ba gona, ba sana'a. Sannan wanda aka kashe wa miliyoyi, ko wanda iyayensa suka ci bashi dominsa, dole ya nemi inda zai maida kuɗi da sauri. Wannan wurin ba gundumarmu ba ce.

Ba za mu ɓoye muku aibin ta gwamnati ba. Akwai yajin aiki, wani lokaci shekara ɗaya ta shiga cikin ta biyu. Bursi kan makara. Ɗalibai sun yi yawa, malamai da kayan aiki ba su wadata ba, balle a sababbin makarantun. Wurare kuma ƙidayayyu ne, ba mu ke ba da su ba, maki ake dubawa, shi ya sa muka ce a aje dosiye wuri uku. Waɗanda suka ce kayan aikin waje sun fi, gaskiya suka faɗa. Amma wanda ya saba sai na'ura ta faɗa masa ciwo, ranar da ya iske kansa inda wuta ke ɗaukewa, sai hannunsa da idonsa da kunnensa. Gara ya fara ƙwarewa da waɗannan. In ya gama, ya yi aiki, ƙofar ƙaro karatu a buɗe take, a gida ko a waje. Har akwai horon fiɗa da ake ba lokotoron gunduma a ƙasar nan, don ya iya fid da ɗa ko ya yi aikin gaggawa ba sai an wuce da mutum gaba ba. Da akwai mutum na biyu mai wannan horo a daren nan na bara, watakila da labarin ya canza.

Sai maganar ɗiyarmu mace. Mun ji abin da ake faɗi a zaure, kuma ba mu raina shi ba: shekara takwas ta yi yawa ga ɗiya mace, wa zai kula da ita, yaushe za ta yi aure. Iyayenmu, a nan ma kusanci ya fi. A Maraɗi akwai ƴan uwanmu da ke da gidaje, tana iya zama hannun iya ko gwaggo, ranar hutu ta zo gida. Aure kuma ba ya hana karatu in an samu mai fahimta, akwai matan aure a jami'a. Ku tambayi iyayenmu mata da ke zaune can baya: mata nawa ne suka ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu saboda kunyar buɗe jiki gaban namiji? Nawa ne ke fama da yoyon fitsari a ɓoye? Lokotoro mace ɗaya a gundumar nan za ta ji abin da maza goma ba za a faɗa musu ba.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda wani babanmu ya yi mana, ya ce, to mushe, in mun ɗauki nauyinsu suka gama suka ƙi dawowa fa? Baba, ba mu da igiyar da za mu ɗaure su. Gwamnati ce ke ɗaukar aiki, ita ke tura mutum inda ta ga dama, akwai ma masu takarda a hannu da ke zaune suna jiran a ɗauke su. Kuma in sun zo, ba lalle a garin nan za a aje su ba. In suna asibitin gunduma ko wani CSI na yankin, mun ci riba. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu bari zumunci ya yanke. Wanda ya shekara takwas bai ga garinsu ba, ya dawo baƙo. Wanda ke zuwa kowane hutu, ya riƙe wa majo littafi, ya auna yara ranar awo, ya san tsofaffi da ciwonsu, zuciyarsa tana nan ko da ƙafarsa ta yi nisa. Mu kuma mu tambayi kanmu: ma'aikacin da aka turo mana, wane ɗaki muke ba shi? Wane ruwa yake sha? Ɗiyansa suna da lakwal mai kyau? Ba a kiran mutum gida a bar shi rana.

Saboda haka kwamiti na roƙon taro ya amince da abu biyar.

Na ɗaya, a aje dosiyen yaran biyu a Maraɗi, Damagaram da Yamai, kwamiti ya raka su har a gama.

Na biyu, asusu ya ɗauki kuɗin rajista, da littattafai, da kayan koyon aiki, da abin da zai riƙe su in bursi ya makara. Iyaye su ɗauki hatsi da sutura gwargwadon hali.

Na uku, kowane ɗan ƙungiya mai biɗa a waje ya ƙara jikka ɗaya a wata, na gida su ba da tiya biyu ta hatsi bayan kaka. Ma'aji ya karanta lissafi a kowane taro, a kuma buga shi cikin wannan takarda.

Na huɗu, yaran su yi alkawari gaban mai gari da liman da iyayensu cewa kowane babban hutu za su yi wata guda suna taimako a CSI namu, da izinin majo, kuma in sun gama za su nemi a turo su yankin nan, su yi aƙalla shekara uku. Alkawarin mutunci ne, ba na kotu ba.

Na biyar, in ɗaya bai samu wuri bana ba, kada a ce ya faɗi. Akwai makarantar lafiya ta gwamnati a Damagaram da Yamai, inda ake horar da anfirme da masu karɓar haihuwa. Su ma muna bukatarsu kamar ruwa.

Ga ɗiyanmu biyu kuma, da ke zaune suna saurare. Ƙannenmu, mun koya muku baƙi da wasali a ajin zana, yau kun wuce mu, kuma abin da malami ke fata ke nan. Kuɗin da za a ba ku, wani a rana ya samo shi yana tura kura, wani yana gadi cikin dare a garin da ba nasa ba. Za ku ga abokan karatu da za su ce muku daji wahala ce. Gaskiya ne, kun fi su sani. Amma ku tuna hanyar da aka bi da amalanken nan, kun san kowane kwazazzabo da ke cikinta.

Ranka ya daɗe, iyakar abin da muka samo ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, magana ta koma gare ku. Waɗanda ke nesa su aiko da ra'ayinsu ta hannun wakilan garuruwansu kafin ƙarshen wata, don lokacin aje dosiye ba ya jira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.